Wuƙar Gunvor

Sun gama ginin a watan da rana ba ta faɗuwa,
nan arewacin Norway, a bakin ruwan garinmu,
daidai inda rumfar gishirin kifi ta shekara casa'in
tana wari, muna zaginta, muna ci daga jikinta.

Yanzu gilashi ne da baƙin dutse, hawa shida,
ya rankwafo kan teku kamar mai leƙen rijiya.
Gidan tarihi, in ji allon da ke ƙofa.
Ni kofi nake sayarwa a tashar jirgin fito,
kowa ya karɓi nasa sai ya ajiye mini ra'ayinsa
tare da kuɗin.

Torleif, da ya tsufa yana sauke kaya daga jirage,
ya ce akwatunan kifi ne wani mashayi ya jera,
ya zaga bayan gida, bai dawo ba.
Ragnfrid mai koyar da lissafi
ta ce ita ba ginin ne ya dame ta ba, inuwarsa ce:
ƙarfe biyu na rana take cinye mata tagar kicin,
tumatir uku sun mutu mata a tukunya.
Sindre, ɗan shekara sha ɗaya, ya ce ai ya yi,
matakalarsa ta fi ta coci daɗin sulu da keke.

Mai zanen ya zo daga babban birni, gyale a wuya,
ya ce igiyar ruwa ce ya kama ya daskarar.
Torleif ya ce shekara arba'in yana kallon igiyar ruwa,
bai taɓa ganin mai shagon tsaraba a cikinta ba.
Tsuntsayen teku ne kaɗai ba su ja zance ba,
sun kaɗa ƙuri'arsu fara fat a kan rufin
tun kafin a yanka kirtanin buɗewa.

Sai Eilif.
Shi ya rantse ƙafarsa ba za ta taka ba,
harajinsa ya shiga, ya isa, ya wakilce shi.
Wata Talata ruwan sama ya kore shi ciki,
bai da laima, ga gwiwa na ciwo.
Awa biyu bai fito ba.

Da ya zo wurina bai nemi kofi ba.
Ya ce, Oddny, a hawa na uku
akwai wuƙar fiɗar kifi a cikin gilashi,
an naɗe ƙotarta da shuɗin zare,
bakinta ya sirance don yawan wasawa.
Sun rubuta: ba a san mai ita ba.
Ni na naɗa zaren nan, ina aji biyu,
don ƙotar na cin tafin hannun uwata.

Ya yi shiru. Jirgin ƙarfe huɗu ya yi kuka ya tashi.
Gunvor, ya ce. Wai ba a san ta ba.

Washegari ya koma da guntuwar takarda da gam,
ya manna sunan a jikin gilashin.
Yarinyar da ke gadi ta gani,
ta juya tana gyara igiyar takalminta
har ya gama.
Sati bakwai ke nan, takardar tana nan,
gefenta ɗaya ya fara ɗagowa.

Har gobe Eilif na cewa ginin mummuna ne,
ya tsaya yana faɗa da tikitin shekara a aljihu.

Ni kuwa, in an tambaye ni, sai in goge tebur.
Cinikina ya ninka, ba zan ɓoye ba.
Amma da dare, in na ja ƙofar shago,
fitilunsa na zuba a ruwa, hawa shida a kife,
nakan tsaya in ja numfashi ta hanci,
ina neman warin nan da muka yi ta zagi.